Malam Awaisu Tsoho da Bangon Gabas na Soron Mishan

Daga Allah muka fito, kuma gare Shi kowannenmu zai koma a ranar da aka rubuta masa. Ranar Talata, goma sha bakwai ga watan Shawwal 1446, wadda ta yi daidai da sha biyar ga Afrilu 2025, Allah ya karɓi ran Malam Awaisu Tsoho a gidansa da ke Tudun Baushe, a ƙasar Karaye, jim kaɗan bayan sallar azahar. Ya rasu yana da shekara saba'in da takwas, bayan jinyar kwana tara ta zazzaɓi da ciwon ƙirji. An sallace shi bayan la'asar, limamin garin Malam Abdulmutalib ne ya ja sallar, kuma sahu ya kai har bakin hanyar da ta tafi Kwanyawa. Ya bar matarsa Inna Zaituna, da 'ya'ya shida, da jikoki masu yawa.

Sunana Lukumanu. Bulo nake bugawa a Rogo, ina kuma taɓa kwangilar gini. Ina tsaye a bakin inji 'yarsa Munawwara ta kira ni ta ce, "Yaya Lukumanu, Baba ya cika." Na nemi wuri na zauna, sai daga baya na lura a kan buhun siminti nake zaune, na tashi na koma kan dutse. Malam ya koyar da ni a aji uku da aji huɗu na firamare, shekara arba'in da ɗoriya da suka wuce. Ɗalibansa da suka fi ni ilimi sun riga sun yi rubutu a kan koyarwarsa da haƙurinsa, kuma duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Ni a kan Soron Mishan zan yi magana, domin a can na fi saninsa, a can ne kuma na yi masa ɓarnar da ya ƙarasa rayuwarsa yana gyarawa.

Ga wanda bai san wurin ba, Soron Mishan tsohon ginin ƙasa ne mai ɗaki uku a jere, a kan tudu, gabas da gari. 'Yan mishan ne suka sa aka gina shi tun zamanin Turawa don ya zama shagon magani. Da tubali aka yi shi, da rufin azara da ƙasa, kuma kaurin bangonsa ya kai kamu biyu. Malam, ka sha gaya mana cewa a ɗakin tsakiya aka haife ka, bayan mahaifiyarka ta kwana biyu tana naƙuda an rasa yadda za a yi, aka ɗauko ta a kan jaki. Da masu ginin suka tafi, sai ya zama aji, daga baya ya zama ma'ajiyar taki, daga ƙarshe awakin unguwa suka gaje shi. Shekarar da ka yi ritaya ka je wurin dagaci ka roƙi mabuɗin wurin. Dagaci ya yi dariya har da tafa hannu, domin ƙofar ma an daɗe da cire ta. Ka sa kafinta ya yi wata, ka sayi kwaɗo, ka kwashe sati uku kai kaɗai kana fitar da kashin awaki a baro.

Kayan da suka cika ɗakunan nan daga wata masaƙa suka fara. Kana wucewa ta ƙauyen Yola da ke kusa da mu ka ga wata tsohuwa tana shirin faskara masaƙar mijinta da ya rasu don ta yi girki. Ka sauka daga kan keke, ka roƙe ta ta dakata, ka je ka samo mata damin itace ka kawo. Daga nan sai ka shiga bi gida gida. Aka kawo maka zugazugi da uwar maƙera, da akusa, da tandu, da mazari, da baka da kwari na tsofaffin maharba, da wata garma da sai ƙarfafa biyu ke iya ɗaga ta. A cikin juji ka tono sikelin da 'yan mishan ke auna jarirai da shi, da kwalaben magani masu launin ƙasa, ka wanke su ka jera a taga.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba da farko shi ne, ba ka taɓa mallakar ko ɗaya daga cikin kayan nan ba. Ajiya kake karɓa. Kowane abu ka ɗaura masa takarda da zare, ka rubuta sunan mai shi, da wanda ya ƙera ko ya sassaƙa shi, da aikin da aka yi da shi. Idan mai kaya bai san tarihin kayansa ba, sai ka mayar da shi gida ya tambayo tsofaffi, ko da kuwa daga Falgore ya taho. Kuma duk ranar da mutum ya so kayansa yana iya zuwa ya ɗauka. Wannan ne ya sa mutane suka saki jiki da kai. Akwai wata dattijuwa da ke zuwa duk Juma'a da hantsi ta duba mazarinta. Kai kuwa kana ajiye mata 'yar auduga, ka shimfiɗa mata tabarma a inuwar bango ta yi kaɗi har ta gaji, ka karɓi mazarin ka mayar wurinsa. Ba ta taɓa gode maka ba, kullum sai dai ta ce audugarka ba ta da kyau, kai kuma kullum ka ba ta haƙuri.

Ba a rasa masu magana ba. An ce malamin makaranta ya tsufa ya koma gadin ginin Nasara, yana tara kayan Maguzawa a ciki. Maganar ta yi maka ciwo, na sani, ko da yake ba ka nuna ba. Amsarka ba ta wuce ɗaya ba: ƙasar garin nan aka kwaɓa aka yi ginin, maginan garin nan suka ɗora tubalin, kakannin masu maganar ma a ciki aka wanke musu gyambo. Abin da ya kashe zancen shi ne ranar da Malam Abdulmutalib ya taso daga masallaci bayan Juma'a, jama'a na biye da shi, ya hau tudun nan riƙe da gafakar kakansa, da Alƙur'ani rubutun hannu a ciki. Ya ce gara ta dame shi a gida, ya kuma ji an ce a wurinka ba ta da iko. Ka karɓa da hannu biyu, ka tambaye shi sunan wanda ya rubuta da na wanda ya ɗinka gafakar, kamar yadda kake tambayar kowa. Liman bai san na biyun ba, shi ma ka tura shi ya tambayo.

Gara kuwa da gaske ba ta da iko a wurinka. Babu abin da ke taɓa ƙasa, komai a kan duwatsu yake, da toka a kewaye, da ganyen darbejiya a cikin kowane akwati. Amma babban aikinka na shekara shi ne yaɓe. Ginin ƙasa yana son a sabunta masa fata kafin kowace damina, musamman rufi da bangon gabas, tunda daga gabas hadari ke tasowa ya doke shi. Da makuba ake wannan aiki, wato ɓawon ɗorawa da ake dakawa a jiƙa, a kwaɓa ƙasar yaɓe da ruwansa don kada ruwan sama ya ratsa ta. Ɗorawa ta yi ƙaranci a ƙasarmu yanzu, masu gawayi sun ga bayan yawancinta. Don haka da zarar ta nuna sai ka hau kekenka da buhu, ka bi matan da ke yin daddawa ɗaya bayan ɗaya kana roƙon kada su zubar da ɓawon. Idan ya taru sai ka kira gayya, tsohon magini Bilya ya ja gaba, Inna Zaituna ta dama kunu. Shekara goma sha biyu kana haka ba fashi.

Ni kuwa duk shekara in na zo gayyar nan raina sai ya ɓaci. Ina ganin dattijo mai furfura yana hawa tsani da kwanon laka a ka, alhali ga ni ɗalibinsa, siminti a wurina kamar ƙasa. Na yi maka maganar sau biyu, ka yi murmushi ka kawo wani zance. Na ɗauka nauyina kake ji. Da ranin 2019 aka kai ka Kano aikin yanar ido, za ka zauna wurin Munawwara sati uku. Na ga dama ta samu. Na ɗebo ma'aikatana da siminti da yashi a mota, muka buga wayar raga da ƙusoshi a bangon gabas, muka yi masa filasta tun daga ƙasa har sama, muka goge shi sumul, na kuma sa aka shafa masa farin fenti. Bilya ya zo ya tsaya daga nesa, ya ce in jira ka dawo. Na ce masa ai abin mamaki nake son yi maka. A raina kuwa cewa na yi tsoho yana kishin sana'arsa ce. Mutanen gari suka yi ta zuwa kallo suna sa mini albarka, ni kuma kaina ya yi girma.

Ranar da ka dawo, da sabon ido tangaran, gari guda ya rako ka tudun nan. Abu na farko da ka fara gani sosai bayan shekaru kana kallon duniya dishi-dishi shi ne aikina. Ka tsaya ka daɗe. Ka matsa ka ɗora tafin hannunka a jikin bangon, ka bi shi a hankali har kusurwa. Sai ka juyo ka ce, "Lukumanu, ka sha ɗawainiya. Allah ya saka maka da alheri, ya yi wa sana'arka albarka." Jama'a suka ce amin. Na koma Rogo ranar nan ina jin na biya malamina wani abu daga cikin haƙƙinsa.

Ban san cewa kara ka yi mini ba. Kai ka san abin da ni mai kiran kaina magini ban sani ba: bangon ƙasa yana shan danshi da damina, ya fitar da shi da rani, kuma in aka lulluɓe shi da siminti, danshin ya shiga ke nan ba mafita. Amma ɗalibinka ne ya yi maka kyauta, a gaban jama'a, da zuciya ɗaya. A tarbiyyar da ka tashi a cikinta ba a mayar da hannun kyauta, balle a sa mutum ya farfashe alherinsa da guduma gari yana kallo. Sai ka yi shiru kana fatan abin zai zo da sauƙi. Inna Zaituna ta gaya mini daga baya cewa duk bayan ruwa sai ka je ka ƙwanƙwasa filastar nan da bayan yatsa kana saurare, ka dawo gida ka kasa cin tuwo.

Damina uku ta jure, a ta huɗu ta gaza. A watan Agusta na 2022, wata safiya bayan ruwan kwana biyu, filastar ta ɓantaro gaba ɗaya ta kife a ƙasa kamar faifai. Aka kira ni, na zo a kan babur cikin taɓo. Abin da na gani a bayanta ba zan manta da shi ba har in mutu. Bangon da ya shekara fiye da saba'in lafiya ya zama kamar jiƙaƙƙen tuwo. Rabin kaurinsa ya zube, gara ta yi hanyoyi a ciki har zuwa kan azara, ina sa yatsa yana nutsewa. Azarun ɗakin gabas duk a kansa suke zaune. Da ya ƙarasa faɗuwa da ya ja rufin, rufin kuma ya ja ɗakin tsakiya.

Na tsaya a wurin na kasa ɗaga kai. Ina jira ka yi faɗa, wallahi da ka yi da na fi jin sauƙi. Sai ka zo ka tsaya kusa da ni, kana kallon bangon ba ni ba, ka ce, "Laifin na mutum biyu ne. Kai ka shafa, ni kuma na ji kunyarka na bar shi. Nawa ya fi, don ni na sani." Daga nan ka ce in je in samo itatuwa a tokare azarun kafin azahar. Ba ka ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban ƙara ba. Na sha shirya yadda zan durƙusa in ce ka yafe mini, amma duk ranar da na zo sai in tarar da kai cikin laka, ka miƙo mini kwano, in karɓa, maganar ta wuce. Ban taɓa furta ta ba, kuma wannan yana cikin abin da ya fi ci mini rai.

Gyaran ya ci rani uku. Ni da na saba tayar da ɗaki a sati biyu, na koyi cewa ginin ƙasa ba ya jin gaggawa. A kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana huɗu, a sake takawa, a mulmula tubali a shanya, a ɗora layi biyu ko uku a tafi a bar su su bushe kafin a dawo. Bilya ya zama ubangidana, ya kuma rama rainin da na yi masa daidai gwargwado. Kullum tubalina bai yi masa ba. Ya kan ɗaga shi ya nuna wa mutane ya ce ku ga aikin injiniya. Kai kuma ka yi dariya ka ce ya yi mini a hankali, tun ina aji uku hannuna bai da kyau. Kayan ɗakin gabas muka kwashe su muka cusa a sauran ɗakunan biyu, masaƙa kuwa gidanka ta koma, Inna Zaituna ta shekara biyu tana ratse ta kafin ta kai ga gadonta. Daminar 2024 da tamfol muka rufe gefen da ke buɗe, iska ta yayyaga shi, ruwa ya shiga ya cinye mana layi huɗu na sabon gini. Bilya ya ce bangon ya jure sau ɗaya, ba zai jure na biyu ba.

Bana kafin azumi bango ya kai sama. Bayan sallah muka mayar da azaru, muka shimfiɗa zana, muka zuba ƙasar rufi muka daddaɓe. Abu ɗaya ya rage: yaɓen makuba a kan rufin da fuskar bangon. In babu shi, ruwan farko zai jiƙa sabuwar ƙasar, ta yi nauyi, ta tsiyaye cikin kan bangon, aikin shekara uku ya koma laka. Ka fara yawon ɓawon ɗorawa ke nan, ka tara buhu biyu cikin goma sha biyun da ake bukata, zazzaɓin ya kwantar da kai. Na zo duba ka ranar Juma'a, ka tambaye ni ko gabas ta fara yin duhu. Na ce da saura. Ka ce to madalla, ka rufe ido. Ganina da kai na ƙarshe ke nan.

Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gidanka ana karɓar gaisuwa, wani da ya zo daga Falgore ya ce an yi ruwa a wajensu har wasu sun fara shuka. Na dubi Bilya, shi ma ya dube ni. Ba wanda ya san matan da kake karɓar ɓawo a wurinsu, ba ka rubuta su a ko'ina ba, a kanka suke. Maza kuma hankalinsu ya koma sharar gona da kai taki. Ga shi ba ya kyautuwa a tayar da zancen gini a zaman makoki. Na buɗe baki zan ce ko a kawo kwanon rufi a ɗora na wucin gadi, Bilya ya yi mini wani kallo, na mayar da bakina na rufe.

Inna Zaituna ce ta fitar da mu, tana cikin takaba, ko zaure ba ta leƙo ba. Duk matar da ta shiga yi mata gaisuwa, in ta gama addu'a za ta tashi, sai Inna ta ce mata, "In kina da ɓawon ɗorawa a gida, ko kin san mai shi, Malam ya tafi ya bar rufi a buɗe." Iyakar abin da take faɗa ke nan. Zuwa ranar bakwai sai ga mata suna shigowa gari da buhuna da ƙwarya a ka, daga Kwanyawa, daga Yola, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba, Musulmi da Kirista, wasu da ɗan abin da bai wuce cikin mayafi ba. Dattijuwar nan mai mazari ta aiko da nata a ƙullin tsumma, da saƙon cewa kada a ba wa mai bulo ya kwaɓa. A tsakar gidanka aka yi dakan, turmi shida a jere, Inna na zaune a ƙofar ɗakinta tana faɗin yadda za a jiƙa. Buhu goma sha biyar aka samu.

Da aka shafa fatihar bakwai, Malam Abdulmutalib ya ce wa jama'a mamaci ya bar amanar mutane a ƙarƙashin rufin da bai ƙarasa ba, kuma sauke masa ita yana cikin abin da masu rai za su iya yi masa. Ranar Asabar da makubar ta jiƙu, mutum fiye da sittin suka hau tudun nan. Na ga ma'aikatan ofis sun naɗe wando suna taka laka, na ga 'ya'yanka maza uku a kan rufi, na ga liman da kansa yana miƙa kwano. Kwana uku muka yi, kullum ido na gabas. Ranar ƙarshe hadari ya haɗu ya yi baƙi, iska ta taso, sannan ya watse bai zubar ba. Bilya ya ba ni kusurwar arewa, wajen indararo, ya ce in yaɓe ta ni kaɗai, tunda dai dole a ba ni wani abu. Na yi ta da iyakar iyawata, na shafe ta da tafin hannu sau uku.

Kwana goma sha ɗaya bayan mun sauko ruwan ya zo, ranar wata Juma'a bayan la'asar, mai ƙarfi, da iska, ya fi awa biyu yana zuba. Ina Rogo na kasa zama. Gari na wayewa na kama hanya, na tarar Munawwara ta riga ni, tana tsaye a bakin ƙofa da mabuɗi. Muka shiga tare. Ɗakin yamma a bushe, ɗakin tsakiya a bushe, gafakar liman da sikelin jarirai da komai yadda ka bar su. A ɗakin gabas muka bi sabon bangon da hannu daga wannan kusurwa zuwa waccan, babu danshi ko kaɗan. Wuri ɗaya tak ya yi yoyo, ya ɗiga a kan daɓe ya yi ɗan tabo kamar faɗin faifai, bai taɓa komai ba. Na ɗaga kai na duba. Kusurwar arewa ce, wajen indararo.

Dariya ta kufce mini, na juya don in ji abin da za ka ce, sai na ga ƙofa kawai a buɗe. A nan ne na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Munawwara ta bar ni har na gama, sannan ta miƙo mini mabuɗin. Na ce mata ba ni ba, ga yayyenta, ga Bilya, ga mutanen da ba su taɓa cutar da ginin nan ba. Ta ce ita saƙo aka ba ta. Kwana biyu kafin ka cika ka kira ta ka ce, "In rufin ya sha ruwan farko, ki ba wa Lukumanu mabuɗi. Shi ya ga cikin bangon nan da idonsa, ba zai ƙara bari a cuce shi ba. Ki kuma ce masa ya daina zagaye-zagaye da maganar da yake son yi mini, na daɗe da yafewa." Na karɓa. A ranar na kwaɓa ƙasa da ragowar makubar, na hau tsani na toshe kusurwar, Bilya yana ƙasa yana faɗa.

Ya Allah, ga bawanka Awaisu ɗan Tsoho ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata masa kabarinsa ka haskaka shi. Ya riƙe ajiyar bayinka bai ci amanar kowa ba, ka karɓi tasa ajiyar da kyakkyawar karɓa. Ya rufa wa wanda ya yi masa ɓarna asiri a gaban mutane, ka rufa masa nasa ranar da asirai za su tonu. Ka sanya ilimin da ya koyar ya zama mai gudana a gare shi, ka haɗa shi da iyayensa da malamansa a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Zaituna, Allah ya ba ki haƙuri da juriya, ya sa ki fita takaba lafiya, ya saka miki da abin da kika yi daga ƙofar ɗakinki. Ga Munawwara da yayyenta da ƙannenta da jikoki, Allah ya albarkaci bayansa, ya haɗa kanku. Ga Malam Abdulmutalib, da Baba Bilya, da dagaci da dukkan mutanen Tudun Baushe, da ɗalibansa na Karaye da Rogo duk inda suke, da kowane gida da ke da ajiya a soron nan, Allah ya ba mu haƙurin rashinsa. Kayanku suna nan lafiya, kowanne da takardarsa. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.

Lukumanu, Rogo.